Gyaran Rajista Kasuwa na Ci: Yadda Ake Duba Tsarin Fayil na XFS Ba a Kashe Saba ba

Duk wanda ya taɓa riƙon sabar da jama'a suka dogara da ita ya san nauyin kalmar nan: "sai mun kashe." Ɗalibai na cike fom, ma'aikatan asibiti na neman fayil ɗin mara lafiya, 'yan kasuwa na jiran a tabbatar musu kuɗi ya shiga, kai kuwa kana zaune gaban baƙin allo kana jiran manhajar gyara ta gama zagaye faifai. Tun zamanin Unix na farko haka abin yake. Idan ana zargin tsarin fayil ya samu matsala, sai a sallami kowa, a sauke shi, a saki fsck ta bi shi lungu-lungu. Lokacin da faifai bai wuce 'yan megabait ba, wannan jira na shan shayi ne. Yau da faifai guda ke ɗaukar terabait ashirin da miliyoyin fayiloli, jiran kan cinye wuni.

A wannan jagora zan bi da kai hanyar da Linux ta samar don duba tsarin fayil na XFS, har da gyara shi, alhali mutane na ci gaba da aiki a kansa. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: wannan duba al'ada ce ta mako-mako da ake yi lokacin da komai ke lafiya. Wanda ya bari sai ranar da faifai ya ƙi hawa, ya makara.

Abin da ake dubawa

Ɗauki faifai a matsayin babbar kasuwa. Kayan da ke cikin rumfuna su ne bayananka: hotuna, takardu, rumbun bayanai. Ofishin sarkin kasuwa kuma yana da rajista: wace rumfa ce ta wane, wacce ce babu kowa, layi kaza ina ya nufa. Wannan rajista ita masana ke kira metadata. Idan buhu ɗaya ya jiƙe, asarar buhu ɗaya ce. Idan kuwa rajista ta ce rumfar Malam Tanko babu kowa alhali kayansa na ciki, gobe za a ba wani ita, a zubar da kayan. Shi ya sa kuskuren rajista ya fi muni: ba ya tsayawa inda ya fara, yaɗuwa yake yi.

Kamfanin Silicon Graphics ne ya ƙirƙiri XFS, ya fitar da shi a 1994 cikin tsarinsa na IRIX, aka kawo shi Linux a 2001, kuma tun fitowar Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014 ya zama zaɓin farko a can. XFS na raba faifai shiyya-shiyya, kowace shiyya ba ta wuce terabait ɗaya ba, kowacce da ofishinta. A kan kowace shiyya akwai kwafin babban shafin da ke bayyana fasalin faifan gaba ɗaya, sai shafukan da ake kira AGF, AGI da AGFL. A ƙarƙashinsu akwai jerin bayanai masu rassa kamar bishiya: biyu na lissafin wurin da babu kowa, ɗaya bisa lambar bulo, ɗaya bisa girman fili, biyu na lissafin inod, wato katin shaidar kowane fayil, ɗaya na ƙidayar fayilolin da suka yi tarayya a bulo guda. Kowane inod kuma yana da taswirar bulon da ya mallaka.

Akwai kuma kundin niyya, wanda za ka gani da sunan log. Kafin XFS ya taɓa rajista, sai ya rubuta abin da zai yi a kundin. In wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, da an tashi sai ya karanta kundin ya ƙarasa. Wannan ya magance matsalar ɗaukewar wuta, matuƙar faifan ya faɗi gaskiya game da abin da ya rubuta. Amma kundin niyya bai san faifan da ya tsufa ba, bai san ƙwaƙwalwar RAM da ta juya lamba ɗaya ba, bai san kuskuren manhaja ba. Irin wannan ɓarna na iya kwanciya watanni a lungun da ba a leƙawa.

Me ya sa aikin ke da wuya

Ƙirga rumfuna da dare bayan an rufe ƙofa abu ne mai sauƙi. Ƙirga su ranar kasuwa, wannan na kwashe kaya, wancan na shigowa, shi ne gwanin aiki. Mai duba zai ga rajista ta ce rumfa ta goma ta Audu ce, kafin ya isa wurin Audu ya tashi. Shin kuskure ne, ko canji ne da ba a gama rubutawa ba? In ya ɗauki canji a matsayin kuskure ya shiga gyara, garin neman gira an rasa ido.

Darrick Wong, wanda ya riƙe ragamar kula da XFS daga 2017 zuwa 2023, shi ya jagoranci wannan aiki. Sashen dubawa ya shiga kanel na Linux 4.15 a farkon 2018, sashen gyara kuma ya yi ta shiga kaɗan-kaɗan, mafi yawansa tsakanin 6.8 da 6.10 a 2024. Ginshiƙai huɗu ne suka ɗauki ginin.

Na farko, kowane shafin rajista ya iya faɗin sunansa. A fasali na biyar na XFS, wanda Dave Chinner ya tsara, kowane bulon rajista yana ɗauke da lambar tantancewa ta CRC32c, da lambar shaidar tsarin fayil ɗin, da adireshin inda ya kamata a same shi, da sunan mai shi, da lambar rubutun ƙarshe da aka yi masa. Shafin da ya ɓata hanya ya faɗa gidan wani, nan take a gane shi.

Na biyu, rajistar baya, wadda ake kira rmapbt, ta shiga a Linux 4.8 a 2016. Rajistar farko tana cewa: wane yana da rumfa kaza da kaza. Ita wannan cewa take: rumfa kaza ta wane ce, kuma a wane matsayi take cikin kayansa. Idan littafi ɗaya ya yage, sai a sake rubuta shi daga ɗayan. Kusan duk gyaran da ake yi ana aiki a kan wannan ya dogara.

Na uku, kanel ne da kansa ke dubawa. Manhajar xfs_scrub jagora ce kawai: tana cewa duba kaza, kanel ya kulle wannan ɗan sashe da irin makullin da yake amfani da shi kullum, ya jira canje-canjen da ke kan hanya su ƙarasa, ya duba, ya gwama da sauran littattafai, ya buɗe. Layi ɗaya ake tsayarwa na ɗan lokaci, sauran kasuwa na ci. Inda kuma lissafin ya shafi faifan gaba ɗaya, kamar ƙidayar kason kowane mai amfani, sai mai duba ya kafa 'yan rahoto a hanyoyin rubutu, duk canjin da ya faru a inda ya riga ya wuce a sanar da shi ya gyara lissafinsa.

Na huɗu, ba a yin faci a kan tsohon littafi. Ana tattara bayanai, a rubuta sabon littafi cikakke a fili na daban, sannan a mayar da alamar ofishi kansa a taki ɗaya ta cikin kundin niyya, a ƙarshe a saki tsofaffin bulon. In wuta ta ɗauke kafin wannan taki, tsohon na nan yadda yake; in bayansa ne, sabon ya zauna. Folda ma haka ake mata: a gina sabuwa a ɓoyayyen fayil, a musanya cikinsu lokaci guda.

Shiri kafin ka taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin umarni na farko, tabbatar da abubuwa biyar.

Fara da kwafin ajiya. Ka tabbata kana da shi a wata na'ura daban, kuma ka taɓa gwada dawo da fayil daga cikinsa. Gyaran rajista yana dawo da tsari ne, ba ya dawo da kayan da aka riga aka rubuta wani abu a kansu.

Sai lafiyar faifan kansa. Buga:

smartctl -a /dev/sda

A faifai mai juyawa, kalli lambobi 5, 197 da 198: sassan da aka canja wa wuri, waɗanda ke jiran canji, da waɗanda suka ƙi karantuwa. In suna hawa, bar maganar duba rajista, kwashe bayananka tukuna. Duba yana sa faifai karatu mai yawa, faifan da ke gargara kuwa wannan karatun na iya ƙarasa shi. Ka leƙa saƙonnin kanel da dmesg ko akwai kuskuren karatu ko rubutu. In sabar na da RAM mai gyara kuskure, wato ECC, duba rahotonta. In ba ta da shi kuma kana zarginta, gwada ta da manhajar gwajin ƙwaƙwalwa. Mai gyaran da ƙwaƙwalwarsa ke ruɗewa, ɓarna zai rubuta.

Na uku, fasalin tsarin fayil ɗin. A ce an ɗora shi a /data:

xfs_info /data

Nemi crc=1, alamar fasali na biyar ke nan. In ka ga crc=0, tsohon fasali ne, wanda aka ayyana za a daina tun Linux 5.10, kuma an tsara cire shi gaba ɗaya a 2030. Ba a ɗaga shi zuwa sabo a inda yake, sai an ƙirƙiri sabo an kwashe kaya. Nemi rmapbt=1. In sifili ne, za ka iya dubawa, amma gyaran da za a iya yi ana aiki kaɗan ne. In xfsprogs ɗinka, wato ƙunshin manhajojin XFS, sabo ne, za ka ga parent da exchange: na farko yana sa kowane fayil ya riƙe sunan foldar da ta haife shi, na biyu shi ke ba da damar musanyar nan ta lokaci guda. Dukansu a 6.10 suka zo.

Nan ne maganar tun ran gini tun ran zane ta fito. Ranar da kake tsara sabon faifai, ranar ce kake yanke hukuncin irin gyaran da za ka samu bayan shekara uku:

mkfs.xfs -m crc=1,rmapbt=1 -n parent=1 /dev/sdb1

Wannan umarni na iya share duk abin da ke kan sashen, don haka a sabon faifai kaɗai ake buga shi. Ka kuma sani tsohon kanel ba zai iya ɗora faifan da ke da sabbin siffofi ba. In akwai yiwuwar mayar da shi wata tsohuwar saba, yi lissafin haka. Rajistar baya tana ƙara ɗan rubutu a duk lokacin da aka ba da fili ko aka karɓe. A ganina kuɗi ne da ya cancanci biya.

Na huɗu, kanel ɗinka:

grep XFS_ONLINE /boot/config-$(uname -r)

Kana neman CONFIG_XFS_ONLINE_SCRUB=y don dubawa, da CONFIG_XFS_ONLINE_REPAIR=y don gyara. Ba kowane mai rarraba Linux ke kunna su ba, wasu kuma suna ware xfs_scrub a ƙunshi na daban da xfsprogs.

Na biyar, fili da wuta. Tunda sabon littafi ake ginawa kafin a saki tsohon, faifan da ya cika maƙil ba shi da inda zai yi gini. Rage kaya kafin ka fara. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma, tabbatar batirin UPS ko inbata zai riƙe sabar har janareta ya tashi.

Dubawa ba tare da gyara ba

Karon farko, ido kawai za ka sa, ban da hannu. Da ikon root:

xfs_scrub -n -v /data

Harafin n yana hana gyara ko canja komai, v kuma yana sa ta yi bayani dalla-dalla. Ka lura wurin da aka ɗora tsarin fayil ɗin ake ba ta. In sabar na cikin hidima, ƙara -b don ta takaita kanta ga zare ɗaya. In ka maimaita harafin, za ta riƙa ɗan hutawa tsakanin aiki da aiki. Ƙara -T in kana son sanin lokacin da kowane mataki ya ci. Rubuta wannan lokaci ka ajiye, da shi za ka tsara jadawali.

Ga yadda take tafiya. Da farko ta karanci fasalin faifan, ta tambayi kanel abin da ya iya. Mataki na biyu ta bi rajistar kowace shiyya da fayilolin kaso. Na uku ta bi kowane inod, da taswirarsa, da foldoji, da ƙarin siffofin fayil; a faifai mai ƙananan fayiloli birjik, nan lokaci ke tafiya. Na huɗu na gyare-gyaren da suka rage ne, wanda -n ke hanawa. Na biyar ta duba haɗuwar foldoji da sunayen fayiloli, har takan ja kunne a kan sunaye biyu masu kama da juna a ido amma haruffansu na Unicode daban, domin dabara ce ta masu yaudara. Na shida karatun bayanan fayil ne, in ka nema. Na bakwai ta gwama jimillar lissafi da abin da ta ƙirga. A ƙarshe, in ba duba kawai kake ba, takan sanar da faifai wuraren da babu kowa don SSD ta share su; -k na hana wannan.

Mataki na shida yana buƙatar bayani. Ana kunna shi da -x, sai ta karanta kowane bulon da ke ɗauke da kaya. XFS ba ya ajiye lambar tantancewa ta abin da ke cikin fayil, ta rajista kaɗai yake ajiyewa. Don haka wannan karatu zai gaya maka wurin da faifai ya kasa karantawa da fayil ɗin da abin ya shafa, amma ba zai gane bayanin da ya canja shiru faifan kuma ya miƙo shi ba tare da ƙorafi ba. Yana kuma cin lokaci: terabait 20 a gudun megabait 200 a daƙiƙa daƙiƙa 100,000 ne, kusan awa 28.

Da ta gama, buga echo $? ka ga lambar fita. Sifili, lafiya lau. In akwai 1 a ciki, an bar ɓarna ba a gyara ba. In 2 ce, babu ɓarna, akwai dai abin da za a iya kintsawa, kamar bishiyar da ta yi rassa fiye da buƙata. Lambobin haɗuwa suke, 3 na nufin duka biyun.

Karanta rahoton da natsuwa, domin ƙorafin iri-iri ne. Akwai shafin da shi kansa ya lalace. Akwai shafin da ke lafiya a karan kansa amma maganarsa ta saɓa da ta wani littafi, nan ba lallai shi ne mai laifi ba. Akwai kuma inda aka kasa gwamawa saboda littafin da za a gwama da shi ne ya lalace. Shi ya sa ɓarna ɗaya a shafin kan shiyya kan haifar da layukan ƙorafi da yawa. Nemi tushen, kada yawan layuka ya firgita ka. Kanel na riƙe abin da aka gano, kuma za ka iya tambayarsa a kowane lokaci:

xfs_spaceman -c health /data

Gyara

In an sami ɓarna, kada ka yi gaggawa. Adana rahoton da saƙonnin dmesg a wata na'ura. Sabunta kwafin ajiya, amma kada ka rubuta shi a kan tsohon kwafin, domin mai yiwuwa tsohon ne ke da lafiyayyen fayil. Sannan tambayi kanka daga ina ɓarnar ta zo. Faifai ne? Waya ce? Katin RAID ne da batirinsa ya mutu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ba ka toshe tsagar ba, mako mai zuwa za ka sake gyara.

Zaɓi lokacin da jama'a suka ragu, ka cire harafin n:

xfs_scrub -v /data

Yanzu duk abin da ta gano za ta nemi kanel ya gyara, ta sake duba shi. Abin da ya ƙi gyaruwa saboda ya dogara da wani, sai ta jinkirta shi zuwa mataki na huɗu, ta gyara na ƙasa tukuna sannan ta dawo kansa. Yayin da ake sake gina rajistar wata shiyya, manhajojin da ke son rubutu a shiyyar za su ɗan jira, masu amfani na iya jin nauyi na ɗan lokaci. Aikin yana kuma cin RAM, domin a can ake tara bayanan sabon littafi, sai dai irin ƙwaƙwalwar da za a iya turawa swap ce in wuri ya ƙure.

Bayan ta gama, maimaita duban farko da -n har sai ka ga sifili. Leƙa foldar lost+found a saman tsarin fayil ɗin: fayil ɗin da aka samu da rai amma babu foldar da ta san shi, can ake kai shi. Sannan ka gwada kayan da kansu. In rumbun bayanai ne, sa shi ya yi nasa binciken. In fayilolin da rahoto ya ambata ne, gwama su da kwafin ajiya. Rajista mai kyau ba ta zama shaidar cewa kowane buhu na nan lafiya ba.

Inda za ka tsaya

Sanin iyakar kayan aiki rabin gwaninta ne. xfs_scrub ba ta maye gurbin xfs_repair, manhajar da ke gyara bayan an sauke tsarin fayil, ba, kuma waɗanda suka rubuta ta sun faɗi haka. Tsarin fayil ɗin da ya ƙi hawa, babu abin da za ta yi masa, domin a kan wanda ke aiki take aiki. In kanel ya rufe tsarin fayil ɗin da kansa don ya ga ɓarna a ƙwaƙwalwa, in kundin niyya ne ya lalace, in littattafan da za a gina sabo daga cikinsu duk sun tafi, ko in ta ce maka ƙarara ka sauke ka kira xfs_repair, to lokacin rufe kasuwa ya yi.

A nan bi wannan tsari. Tsayar da manhajoji, ka sauke da umount. In zai yiwu, sake ɗorawa ka sauke sau ɗaya don kundin niyya ya ƙarasa abin da ke cikinsa. Ɗauki hoton rajista da xfs_metadump; ba ta kwafar abin da ke cikin fayiloli, kuma tana ɓadda sunayensu, don haka za ka iya aika wa masana. Da xfs_mdrestore za ka iya mayar da hoton cikin wani fayil ka gwada gyaran a kansa tukuna. Sai xfs_repair -n ka ga abin da za ta yi, sannan xfs_repair. Harafin L, wanda ke share kundin niyya, shi ne makami na ƙarshe: yana zubar da canje-canjen da ba su ƙarasa ba, kuma ana iya rasa fayiloli ta dalilinsa. Ka kuma sani fsck.xfs, wadda ake kira lokacin tashin na'ura, a al'ada ba ta duba komai. Kada shirunta ya sa ka saki jiki.

Mayar da shi al'ada

Amfanin wannan fasaha na gaske yana cikin maimaitawa. xfsprogs na zuwa da agogon systemd da aka riga aka shirya:

systemctl enable --now xfs_scrub_all.timer

Yana tashi kowace Lahadi da misalin ƙarfe 3:10 na dare, ya bi duk tsarin XFS da ke ɗore, da mafi ƙarancin fifiko a kan sarrafawa da faifai, don kada ya tare wa masu aiki hanya. A sababbin fitowa yakan haɗa da karatun bayanan fayil sau ɗaya a wata. In Lahadi ranar cunkoso ce a wurinka, canja lokacin da systemctl edit. In an samu matsala, akwai hidimar da ke aika wasiƙa, amma sai na'urar na da hanyar aika imel kuma adireshin na zuwa wurin mutum mai karantawa. Gwada wannan da kanka. Duba tarihin da journalctl duk ranar Litinin. Mai gadin da ya busa usur babu mai ji, daidai yake da babu.

In ba XFS kake da shi ba

Kalmar scrub tana yawo a wurare da yawa, ma'anarta kuwa ba ɗaya ba ce.

A ext4, kada ka taɓa sakin e2fsck ta yi gyara a kan tsarin da ke ɗore. Hanyar lalata shi ke nan. Abin da ake da shi shi ne e2scrub, wadda ta zo da e2fsprogs 1.45 a 2019. Tana buƙatar tsarin ya kasance a kan LVM da aƙalla megabait 256 na sarari a rukunin. Tana ɗaukar hoton faifan na lokaci guda, ta duba hoton, ta goge shi. In ta ga ɓarna, alama take sawa don a gyara a hawa na gaba. Duba ne ana aiki, gyara kuwa sai an sauke.

A Btrfs, umarnin btrfs scrub start, wanda ke nan tun Linux 3.0 a 2011, yana karanta kaya da rajista duka ya gwama da lambobin tantancewa, in akwai kwafi na biyu mai kyau ya gyara da shi. ZFS, wanda Sun Microsystems ya fitar a 2005, haka yake yi da zpool scrub, sakamakon kuma a zpool status -v. Ta fuskar kama bayanin da ya ruɓe shiru, waɗannan biyun sun fi XFS. Amma tambayar da suke yi ita ce: abin da aka rubuta shi ne aka karanto? In manhaja ce ta rubuta kuskure tun farko ta buga masa hatimi mai kyau, zai wuce. xfs_scrub kuwa tambayarta ita ce: littattafan nan sun yarda da juna? A Btrfs, mai wannan tambaya ita ce btrfs check, wadda ake yi a sauke, kuma masu ita sun yi gargaɗi mai ƙarfi game da zaɓinta na gyara.

A Windows ma, tun Windows 8 da Server 2012, chkdsk /scan na duba NTFS ana aiki ya tara jerin matsaloli, sai chkdsk /spotfix ya sauke faifan na ɗan gajeren lokaci ya gyara abin da ke jerin kaɗai.

Aikin wannan mako

Zaɓi saba ɗaya wadda ba ita ce ran ma'aikatarku ba. Gwada dawo da fayil ɗaya daga kwafin ajiya. Buga smartctl, buga xfs_info, ka rubuta abin da ka gani game da crc da rmapbt. Yi duba da -n, ka rubuta lambar fita da tsawon lokaci. In komai lafiya, kunna agogon Lahadi, ka tabbatar wasiƙarsa na isowa. Sabobin da ka tarar da rmapbt=0 ko crc=0, sa su a jerin waɗanda za a sake tsarawa ranar da za a canja musu faifai.

Mutanen da suka ajiye takardunsu a sabarka ba su san inod ba, ba su san shiyya ba. Amana suka ba ka, suna sa ran gobe da safe za su buɗe su tarar da kayansu yadda suka bari. Kuskuren da ka kama daren Lahadi yana shafi ɗaya, kanel zai iya sake rubuta shi suna barci. Wanda ka bari ya shekara, kai da su za ku zauna zaman jiransa.